ƘWAYAR KARATU: KAIFIN BASIRA KO RUƊIN ZUCIYA?

A manyan jami'o'in ƙasar Amurka, da zarar lokacin jarrabawa ya gabato, akwai wani ciniki da yakan tashi wanda ba shi da rumfa, ba shi kuma da ranar kasuwa. Ɗalibin da likita ya rubuta wa magani saboda wata larura tasa shi ne mai haja, masu saye kuwa abokan karatunsa ne, waɗanda lafiyarsu ƙalau, babu abin da yake damunsu sai tulin littattafan da ba su buɗe ba tun farkon zango. Abin da ake sayarwa ƙwayoyi ne 'yan ƙanana, waɗanda suka fi suna a cikinsu su ne Adderall da Ritalin da Modafinil. Mai saye yakan haɗiya ɗaya da almuru, ya zauna a laburare har asuba ba tare da ya yi hamma ba, ya tashi yana ganin ya haddace abin da ya gagare shi wata uku.

Waɗannan ƙwayoyi ba na 'yan tasha ba ne. Magunguna ne na asibiti, masu rajista, waɗanda suka taimaki miliyoyin mutane. Biyun farko ana bayar da su ga masu larurar rashin natsuwa, watau yara da manyan da hankalinsu ba ya iya tsayawa a kan abu guda, wadda likitoci suke taƙaita sunanta da haruffan ADHD. Na ukun kuwa an yi shi ne domin masu wata larura da take sa barci ya sace mutum da rana tsaka, ko yana cikin magana, ko yana tuƙi. A kan amfanin da suke yi wa marasa lafiya babu jayayya mai yawa. Inda gardama take shi ne a kan lafiyayye: shin in ya sha, basirarsa takan ƙaru, ko kuwa ji kawai yake yi ta ƙaru?

Abin ya daɗe

Mai jin labarin zai zaci sabon yayi ne, alhali kuwa ya kusa shekara 90. Sinadarin amfetamin, wanda shi ne tushen Adderall, wani masani ɗan ƙasar Romaniya ne mai suna Lazar Edeleanu ya fara haɗa shi a birnin Barlin a shekarar 1887, amma aka ajiye shi ba a san amfaninsa ba. Sai a ƙarshen shekarun 1920 wani Ba'amurke, Gordon Alles, ya sake haɗa shi yana neman maganin asma, ya gwada a jikinsa, ya tarar bai iya barci ba a daren. Kamfanin Smith, Kline and French ya karɓi maganin ya sa masa suna Benzedrine, da fari a matsayin abin shaƙa don toshewar hanci, daga baya kuma a matsayin ƙwaya.

A shekarar 1937 abubuwa biyu suka faru waɗanda har yau su ne fuskoki biyu na wannan magani. A jihar Rhode Island wani likita, Charles Bradley, ya ba yara 30 masu wuyar sha'ani ƙwayar, sai ga shi kusan rabinsu sun natsu sun duƙufa a kan aikin makaranta, har yaran da kansu suka riƙa kiranta ƙwayar lissafi. Daga nan ne aka samo hanyar da ake bi har yanzu wajen yi wa masu rashin natsuwa magani. A cikin wannan shekara kuma mujallar Time ta ba da labarin cewa ɗaliban Jami'ar Minnesota, inda wasu malamai suka yi gwajin ƙwayar, sun gano sirrinta sun shiga shan ta domin kwana karatu, har wasu suna yanke jiki suna faɗuwa. Watau tun a shekarar da aka gano amfaninta ga mara lafiya, a shekarar ne lafiyayye ya miƙo hannu.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya mai da abin babbar harka. A Jamus kamfanin Temmler ya fito da wata 'yar'uwar amfetamin mai suna Pervitin a shekarar 1938, kuma tsakanin watan Afrilu da Yuli na 1940, lokacin da sojojin Hitila suka auka wa Faransa, an aika musu da ƙwayoyi kimanin miliyan 35 domin su yi kwana da kwanaki ba su runtsa ba. Ba a daɗe ba manyan likitocinsu suka ga ɗaya gefen, domin sojan da ya yi kwana biyu a tsaye yakan yi kwana biyu kuma ba shi da mamora, wasu ma suka kasa rabuwa da ita. A shekarar 1941 aka sa ta ƙarƙashin dokar da ta shafi miyagun ƙwayoyi. Ingila da Amurka su ma sun raba wa nasu sojojin Benzedrine. A Japan kuwa, bayan an gama yaƙi sai ragowar ƙwayoyin soja suka malalo kasuwa, leburori da ɗalibai da marubuta suka rungume su, har ta kai gwamnati ta kafa doka ta musamman a 1951, kuma a shekarar 1954 kaɗai an kama mutum fiye da 50,000 a kan laifinta.

Ita kuwa Ritalin, labarin sunanta ma abin lura ne. Leandro Panizzon, ma'aikacin kamfanin Ciba a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, shi ya haɗa ta a shekarar 1944, ya kuma raɗa mata sunan matarsa Rita, wadda takan sha kafin ta shiga wasan tanis. Ashe tun daga gidan da aka haife ta, an riga an fara shan ta domin neman fin abokin karawa.

Bayan ɓarnar da amfetamin ya yi a shekarun 1960, Amurka ta ƙuntata shi a 1971, ta sa shi a rukuni na biyu na magungunan da ake tsaro, rukuni ɗaya da hodar ibilis da mofin. A wannan shekara ne kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙulla yarjejeniya a birnin Biyana kan irin waɗannan magunguna. Abin ya lafa, sai kuma ya sake tasowa bayan fitowar Adderall a 1996 da amincewa da Modafinil a Amurka a 1998, daidai lokacin da yawan yaran da ake rubuta wa maganin rashin natsuwa yake ta hauhawa. Kowane ɗalibi da ya shiga jami'a da kwalbar maganinsa, ya zama rijiya ga maƙwabtansa.

Su wane ne suke sha?

A wani bincike da aka yi a shekarar 2001 a kan ɗalibai kusan 11,000 na manyan makarantu 119 a Amurka, kashi 7 daga cikin 100 sun amsa cewa sun taɓa shan irin waɗannan ƙwayoyi ba da izinin likita ba, kashi 4 kuma sun sha a cikin shekarar. Amma bambancin da ke tsakanin makarantu babba ne ƙwarai: a wasu babu ko mutum ɗaya, a wasu kuwa ɗalibi ɗaya ne cikin kowane huɗu. Abin ya fi yawa a makarantun da shigarsu take da wuya. Har ila yau binciken ya nuna wani abu da ya saɓa wa zato, domin masu shan ba su ne zakarun aji ba. Galibinsu makinsu ya gaza na sauran, kuma sun fi sauran shan giya da tabar wiwi. Ga alama da yawansu mutane ne da suke ƙoƙarin fafe gora ranar tafiya.

Ba ɗalibai kaɗai ba. A shekarar 2008 mujallar kimiyya ta Nature ta tambayi masu karanta ta, waɗanda yawancinsu masana ne, mutum 1,400 daga ƙasashe 60 suka ba da amsa, kuma ɗaya cikin biyar ya ce ya taɓa shan magani domin ƙara natsuwa ko ƙarfin tunawa. Lalle ne a lura cewa waɗanda suka ga dama ne suka amsa, saboda haka adadin ba ma'aunin dukkan masana ba ne, amma ya isa ya nuna cewa malamin da yake tsare jarrabawa ma yana iya kasancewa da tasa a aljihu.

Abin da gwaji ya nuna

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu sinadarai da jijiyoyi suke aika wa juna saƙo da su. Biyu daga ciki, dofamin da noradirenalin, su ne suke da hannu a kan farkawa da himma da jin cewa abu yana da muhimmanci. Ritalin takan hana a kwashe su da wuri bayan sun isar da saƙo, amfetamin kuwa bayan wannan har yakan tunkuɗo ƙari. To, masana sun lura cewa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, inda ake tsara tunani, yana da wani gwargwado da ya fi yi masa daidai, tamkar tsirkiyar molo: in ta yi sako-sako ba ta ba da amo, in kuma aka ɗaure ta fiye da kima sai muryar ta ɓaci. Mai larura tsirkiyarsa ce ta saki, magani ya ɗaure masa. Lafiyayye kuwa tasa a ɗaure take tun asali.

A shekarar 2013 wasu masana a Jami'ar Pennsylvania, ciki har da shaihiyar malama Martha Farah, suka tara matasa lafiyayyu 46. Wata rana a ba su Adderall, wata rana a ba su ƙwaya mai kama da ita wadda babu magani a cikinta, ba tare da sun san wadda suka haɗiya ba. Aka auna su ta hanyoyi 13, daga ƙarfin tunawa zuwa ƙirƙira da irin tambayoyin jarrabawar shiga jami'a. A dunƙule, ba a ga wani ci gaba na a zo a gani ba. Amma da aka tambaye su, sai suka ce a ranar da suka sha ta gaskiyar sun ji aikinsu ya fi kyau. Nan ne gizo yake saƙa. Sinadarin da yake hana barci shi ne kuma yake sa mutum ya ji daɗin abin da yake yi ya kuma yarda da kansa, saboda haka shaidar mai sha a kan ƙwayar shaida ce ta wanda aka riga aka toshe wa baki.

Gwajin da ya fi fito da lamarin fili shi ne wanda aka buga a watan Yuni na 2023, wanda Elizabeth Bowman ta Jami'ar Melbourne a Ostareliya da abokan aikinta suka gudanar. Sun ɗauki mutum 40 lafiyayyu masu shekara 18 zuwa 35, kowanne ya zo sau huɗu, aka ba shi magunguna uku daban-daban da kuma ƙwayar da babu komai a cikinta. Aikin da aka ba su irin na falke ne mai ɗora wa jaki kaya: ga hajoji iri-iri, kowace da nauyinta da darajarta, ga mangala wadda ba ta ɗaukar fiye da wani nauyi, sai mutum ya zaɓi waɗanda zai zuba domin ya sami riba mafi yawa. Aiki ne da ba a yin sa da hadda, sai da dabara da auna wannan da wancan, kamar yawancin matsalolin rayuwa.

Da suka sha magani sai himmarsu ta ƙaru. Suka daɗe a kan kowace matsala, suka yi ta sa kaya suna cirewa, har a ƙarƙashin Ritalin lokacin da suka ɓata ya ƙaru da kimanin rabi. Amma darajar kayan da suka ƙare da su a mangala ta ragu kaɗan, domin zaɓinsu ya zama na kame-kame, ba na tsari ba. Daɗin daɗawa, waɗanda suka fi kowa iyawa a ranar da ba su sha komai ba, su ne suka fi faɗuwa, da yawansu har suka koma ƙasa da matsakaici. Zufa ta ƙaru, amfanin gona ya ragu.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce ƙwayoyin ba sa yin komai. Ga wanda ya kwana bai yi barci ba, sukan tsare shi a farke su rage kurakuransa a aiki mai gundura, kuma wannan ne dalilin da ya sa sojojin Faransa suka ɗauki Modafinil zuwa yaƙin tekun Fasha a 1991. Wani nazari da aka yi a 2015 a kan gwaje-gwaje 24 ya sami alamun cewa Modafinil yana ɗan taimakawa a wasu ayyuka masu sarƙaƙiya. A birnin Mainz na Jamus kuma an gwada gwanayen darar Turawa 39 a wasanni fiye da 3,000 da kwamfuta, aka buga sakamakon a 2017: waɗanda suka sha magani sun fi yin tunani mai zurfi a kan kowane motsi, amma sun fi yawan faɗuwa saboda lokaci ya ƙare musu. Wani abin ban sha'awa shi ne, sinadarin kafin, wanda yake cikin kofi da goro, shi ma an sa shi a gwajin, ya kuma nuna irin wannan hali ko da yake bai kai su ƙarfi ba. Ɗalibin da yake zauren jarrabawa, agogo na bisa kansa, ya fi kama da ɗan darar nan fiye da sojan da yake gadi.

To, a ƙarshen shekara fa, makin ya ƙaru? Amelia Arria ta Jami'ar Maryland da abokan aikinta sun bi sawun ɗalibai 898 waɗanda ba su da larurar rashin natsuwa, suka kwatanta makinsu na shekara da shekara. Sakamakon da suka buga a 2017 ya nuna cewa masu shan ƙwaya makinsu bai ɗaga ba, waɗanda ba su taɓa ta ba kuwa nasu ya ɗan ɗaga. Ɗaya daga cikin dalilan da ake kawowa ba ɓoyayye ba ne. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa take shirya abin da aka koya da rana ta adana shi, kuma Modafinil yakan ɗauki awa 12 zuwa 15 kafin rabinsa ya bar jiki. Wanda ya sayi dare da ƙwaya, da barcin da zai ɗaure masa karatun ya biya.

Masu goyon baya suna da nasu gwarzo, watau Paul Erdos, shahararren masanin lissafi ɗan ƙasar Hangari, wanda ya wallafa takardun bincike kimanin 1,500. Ya fara shan amfetamin bayan rasuwar mahaifiyarsa a 1971. A shekarar 1979 abokinsa Ronald Graham ya sa masa dala 500 in zai iya bari na wata guda. Ya bari, ya karɓi kuɗinsa, ya yi ƙorafin cewa an jawo wa ilmin lissafi asarar wata ɗaya, ya koma wa ƙwayarsa, kuma ya rayu har shekara 83. Labari ne mai daɗi, sai dai mutumin ya riga ya zama gagarabadau shekaru 40 kafin ya haɗiyi ta farko, kuma watan da ya yi yana kallon farar takarda ya fi kama da halin wanda jikinsa ya saba aka yanke masa.

Kuɗin da jiki yake biya

Illolin yau da kullum sanannu ne: bugun zuciya da hawan jini sukan ƙaru, sha'awar abinci ta ɗauke, baki ya bushe, ga fargaba da saurin fushi, sa'an nan in maganin ya sake mutum sai kasala da ƙuncin rai su rufe shi, abin da yakan sa ya nemi wata. A watan Fabrairu na 2005 hukumar lafiya ta Kanada ta dakatar da sayar da wani nau'in Adderall bayan rahotannin mutuwar fuju'a 20, ta mayar da shi kasuwa bayan wata shida tare da gargaɗi ga masu ciwon zuciya. Shi ya sa likita yakan tambayi tarihin zuciyar mutum da na danginsa kafin ya rubuta. Abokin ɗaki ba ya tambaya.

Akwai kuma taɓin hankali. Wani bincike da aka buga a 2019 a kan matasa fiye da 220,000 masu shekara 13 zuwa 25 da aka fara rubuta wa waɗannan magunguna ya gano cewa kimanin ɗaya cikin 660 ya sami ruɗewar hankali, irin ta jin muryoyi ko zargin ana bin sa, kuma haɗarin ya ninka a wajen masu shan amfetamin in aka kwatanta da masu shan Ritalin. Wannan fa a hannun likita ke nan, ba a hannun wanda yake haɗiyar biyu ko uku a jere bayan kwana biyu babu barci ba.

A kan ko halal ne ko maguɗi, masana sun rabu. A watan Disamba na 2008 Henry Greely na Jami'ar Stanford da wasu abokansa shida suka rubuta a Nature cewa baligi mai hankali ya kamata a bar shi ya sha in ya so, muddin an tsara abin, suna ganin bai bambanta da kofi ko malamin gida da mai kuɗi yake ɗaukar wa ɗansa ba. Jami'ar Duke kuwa a 2011 ta sa shan maganin likita ba da izini ba domin karatu a cikin jerin laifuffukan maguɗi. Hujjar da ta fi nauyi a wannan gefe ita ce ta tilas: in rabin aji ko rabin ofis suna sha, wanda ba ya so ma sai ya ga ba shi da zaɓi. Doka dai ba ta jira ƙarshen muhawarar ba. A Ingila mallakar Ritalin ba da takardar likita ba tana iya jawo ɗaurin shekara biyar, miƙa wa wani kuwa har shekara 14, ko da kyauta ne.

Nijeriya ma ba baƙuwa ba ce ga ƙwayar hana barci, domin tun shekarun 1970 likitoci suke kuka da yadda amfetamin ya shiga hannun direbobin dogon zango da leburori da ɗalibai. Babban binciken da Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa ya yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka bayyana a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, kimanin 238,000 daga cikinsu kuma amfetamin ne da danginsa.

A can Amurka kuwa lamarin ya ɗauki wani sabon salo. A watan Oktoba na 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta ba da sanarwar ƙarancin Adderall, iyayen yara masu larura suka yi ta zagaya kyamis-kyamis da takardar likita a hannu suna dawowa haka nan. A lokaci guda kuma 'yan fasa-ƙwauri suka cika kasuwar intanet da jabu, masu launi da tambari irin na gaske, amma a cikinsu akwai metamfetamin, wani lokaci ma da fentanil, wanda miligiram biyu nasa kan iya kashe mutum. A watan Mayu na 2022 Jami'ar Jihar Ohio ta aika wa ɗalibanta gargaɗin gaggawa a kan jabun Adderall a makon da biyu daga cikinsu suka mutu. Shekara guda bayan haka, a watan Mayu na 2023, hukumar ta umarci kamfanoni su sake rubuta babban gargaɗin da yake jikin takardar kowane irin wannan magani, su faɗa ƙarara cewa kada mai shi ya ba kowa, domin bincikenta ya nuna cewa yawancin masu sha ba da izini ba daga hannun ɗan'uwa ko aboki suke samu.